Dalilin da ya sa jagorar Hausa ke riga ta Turanci tsufa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan kiran da ake ta yi wa bankuna da kamfanonin manhajar waya cewa su riƙa fitar da bayanan taimako da Hausa. Kira ne da ya dace, musamman tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da dattijon da bai taɓa tura kuɗi ta waya ba ya koya ala tilas, rumfunan masu POS kuma suka cika kowane lungu. Ni dai wannan ce sana'ata. Littafin jagora da shafukan taimako na manhaja nake rubutawa, da su nake ciyar da iyali, kuma abin da na gani shi ne fassarar farko ba ta gagarar kowa. Ana ba da kwangila, a yi, a ɗora a intanet, a ɗauki hoto da manaja. Bayan 'yan watanni manhajar ta canza, an matsar da madanni, an sauya iyakar kuɗin da za a iya turawa a rana, an gyara shafin Turanci, na Hausa kuwa yana nan yadda aka haife shi. Mai karanta Hausa yana bin bayanin daki-daki, yana neman abin da babu shi a fuskar wayarsa, daga ƙarshe ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Ba kullum raini ke kawo haka ba. Galibi yadda ake ajiye rubutun ne. Ɗauki kamfanin da ke da manhaja guda ta tura kuɗi. Tana aiki a wayar Android, tana aiki a na'urar POS, ga kuma masu ƙaramar waya da ke danna tauraro da lambobi. Masu karanta bayanin iri uku ne: mai asusu, wakilin da ke zaune a rumfa, da ma'aikatan da ke amsa kiran koke-koke. In kamfanin ya tsallaka Nijar, ƙasa ta zama biyu. Abin da aka saba yi shi ne a rubuta jagora ɗaya a Word, a kwafa a gyara wa wakilai, a sake kwafa a gyara wa 'yan Nijar. Na taɓa karɓar aiki a wani kamfani, aka miƙo mini fayiloli masu suna "jagora ta ƙarshe", "jagora ta ƙarshe sabuwa", da "ta ƙarshe wadda oga ya gani". Ba wanda zai iya dafa Alƙur'ani ya ce ga wadda ke kan shafin intanet. In canji ya zo, mai gyara zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara waɗanda ya tuna. Ta Hausa ita ce a ƙarshen layi, domin ita sai an nemo mai fassara, an yi ciniki, an jira sa hannu.

Masu wannan sana'a sun daɗe da samo mafita, kuma ita nake so a sani, ko da masu ba da kwangila ne kawai suka ji. Ana rubuta bayanin sau ɗaya tak, a wuri ɗaya, wanda a wurin aikinmu muke kira uwar rubutu. Duk sakin layin da ya shafi kowa a bar shi haka nan. Wanda ya shafi wasu kawai a liƙa masa alama: wannan na wakili ne, wannan na Nijar ne, wannan na takarda ne kaɗai, wannan na cikin gida ne. Su ne alamomin sharaɗi. Mai karatu ba ya ganinsu. Aikinsu sai lokacin gini, wato sa'ad da za a umarci manhajar rubutun ta ɗauki uwar rubutu ta fitar da shafukan intanet ko littafin PDF. A nan ake gindaya mata sharaɗi: fitar mini da jagorar wakilan Najeriya, ɗauki duk mai alamar wakili, zubar da duk mai alamar Nijar da na cikin gida. Sai ta bi rubutun layi-layi ta tace, ta ba ka littafi. Ka canza sharaɗin ta ba ka wani littafin daga wannan tushe. Aikin mai shayi ne: butar ruwan zafi ɗaya ce, wani ya ce ban da madara, wani ya ce a ƙara suga, ba wanda ake dafa wa nasa ruwan daban.

Bari in nuna da shafin rajista, tunda shi kowa ke fara cin karo da shi. Jumlar farko ta kowa ce: buɗe manhajar ka danna Yi Rajista. Daga ta biyu hanya ta rabu. Ɗan Najeriya za a ce masa ya saka lambar wayarsa mai lambobi 11 da ke farawa da sifili, sannan BVN ko NIN, kowacce ita ma lambobi 11. Ɗan Nijar lambar wayarsa 8 ce bayan +227, kuma ba shi da BVN, don haka ko sunanta bai kamata ya gani ba, balle ya tafi neman inda ake yin ta a Maraɗi. Sai a rubuta jumlolin biyu a jere, ɗaya da alamar Najeriya, ɗaya da alamar Nijar. A ƙasa akwai sakin layin da ke gaya wa wakili yadda zai ɗauki hoton katin shaida a inuwa don kada hasken rana ya cinye rubutun. Wannan na wakili ne. Can ƙarshe akwai bayanin abin da ma'aikacin amsa kira zai duba kafin ya buɗe asusun da aka kulle. Wannan na cikin gida ne. A kwamfutata duk a shafi ɗaya suke, kowanne da launinsa, na wakili shuɗi, na Nijar kore, na cikin gida ja. Ranar da aka canza sunan madannin daga Yi Rajista zuwa Buɗe Asusu, wuri ɗaya zan taɓa, in sake gini, littattafan duka su fito da sabon suna kafin la'asar.

Dabarar ba ta yau ba ce. Masu rubuta manhaja da harshen C suna yin irinta tun shekarun 1970, suna kewaye wani yanki da sharaɗi don ya shiga a wata na'ura ya fita a wata. Tsohon tsarin taimako na Windows, mai fayilolin da ke ƙarewa da .hlp, yana da alamomin gini da ake sa wa shafi guda-guda. RoboHelp, manhajar rubuta shafukan taimako wadda kamfanin Blue Sky Software ya fitar a farkon shekarun 1990, ta shiga hannun Macromedia a 2003, daga nan ta koma na Adobe a 2005, kuma har yau alamomin sharaɗi na cikin abin da ake sayenta dominsa. Wasu tsofaffin ma'aikatanta ne suka ware suka kafa kamfanin MadCap a Kaliforniya, suka fitar da tasu manhajar mai suna Flare a 2006. In ka buɗe sabon aiki a cikinta, galibi za ka tarar da alamomi biyu a shirye, ta takarda kaɗai da ta allo kaɗai. Manyan kamfanoni masu dubban shafuka sun fi karkata ga DITA, tsarin da IBM ya ƙirƙira ya miƙa wa OASIS, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan fasaha, ya zama ma'auni a 2005. A can an riga an yanka wa alamomin gurbi: wane ne mai karatu, wace na'ura ce, wane samfuri ne. Sharaɗin ginin kuma yana zaune a wani ɗan fayil daban da ake kira DITAVAL, wanda ke cewa a saka, a cire, ko a saka amma a yi masa tuta don mai karatu ya lura.

Na san tambayar da manaja zai fara yi. RoboHelp da Flare da dalar Amurka ake biyan kuɗinsu, kuma da yadda naira take, ƙaramin kamfani a Kano sai ya yi jim. Akwai na kyauta masu yin wannan aikin: Sphinx, wadda aka ƙirƙira a 2008 don rubuta jagorar Python, wani harshen rubuta manhaja, da AsciiDoc, da DITA Open Toolkit. Wanda ke son ganin abin da idonsa ya leƙa shafukan taimako na GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Tun 2020 uwar rubutunsu a buɗe take ga kowa, zai ga sakin layi an kewaye shi da sharaɗin cewa na masu amfani da shafin ne kai tsaye, wani kuma na kamfanonin da suka girka manhajar GitHub a kan nasu na'urorin.

To amma ba talla na zo yi ba. Wannan kayan aiki yana yankan mai shi, kuma inda ya fi yanka shi ne wurin da mutane ke ɗaukar ɓoyewa a matsayin cirewa. A wani wuri da na yi aiki na ɗan lokaci, wani yaro mai hazaƙa a sashen shafin intanet ya ga sake gini a kai a kai ɓata lokaci ne. Sai ya ɗora komai a shafi ɗaya, ya sa ɗan umarnin da ke ɓoye jajayen sakin layin daga ido. In ka buɗe shafin lafiya lau, ba ka ganin komai. Rannan wani wakili a kasuwa ya rubuta "asusun da aka kulle" a akwatin bincike, sai ga farkon bayanin ma'aikata ya fito masa a sakamako, har da tambayoyin da ake yi wa mai kira don a tabbatar shi ne mai asusun. Allah ya sa mutumin kirki ne, ya kira ya faɗa. Da ɗan damfara ne, an ba shi takardar jarrabawa da amsoshinta. Rubutun da aka ɓoye yana nan a cikin shafin, ya sauka a wayar kowa, injin bincike ya karanta shi, kuma duk wanda ya san yadda ake duba cikin shafi zai gan shi. Lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump a Amurka, sun koyi wannan a Janairun 2019, da suka shigar da takarda kotu sun rufe wasu layuka da baƙin zane, 'yan jarida suka kwafi wurin suka manna a wani fayil, rubutun ya fito tsaf.

Ko wanda ya yi ginin yadda ya kamata bai tsira ba tukuna. Sphinx, in ba ka hana ta ba, tana kwafe uwar rubutun ɗungurungum ta ajiye kusa da shafukan da ta gina, har ta sa mahaɗin da ke cewa duba asalin shafin. Ka tace sakin layi daga fuska, ga shi can a asali yana jiran mai dannawa. RoboHelp tun fitowar 2015 tana da tsarin da mai karatu ke zaɓa da kansa, ya danna wakili ya ga na wakili. Abu ne mai daɗin amfani, amma ma'anarsa duk abin da ke cikin zaɓin an aika wa kowa. Akwai kuma shafin da aka cire daga jerin abubuwan da ke ciki, aka manta ba a cire shi daga ginin ba, sai ya zama ba ya cikin jeri amma bincike na kamo shi. Hotuna ma haka. Sakin layi ya fita, hoton da ke tare da shi ya maƙale a cikin fayilolin da aka ɗora, kuma hotunan bayanin cikin gida su ne aka fi ɗauka daga asusun mutum na gaske, da sunansa da lambar asusunsa 10 cif. Tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a 2023, wannan ya wuce abin kunya kawai.

Ga abin da nake yi. Duk sakin layi na cikin gida ina dasa masa wata kalma da ba abin da zai kawo ta jagorar kuɗi. Tawa ita ce "jimina". Da an gama gini, kafin a ɗora komai, sai in sa kwamfuta ta binciki fayilolin da suka fito kaf, ta nemo mini jimina. In ta fito ko sau ɗaya, ba a ɗorawa. Abokan aiki sun yi dariya da farko, yanzu su ke tambaya ko an duba jimina. Abin da kuwa fitarsa zai iya sa a kwashe wa mutum kuɗi, ba na yarda ya kwana a uwar rubutu ɗaya da bayanin jama'a, da alama ko ba alama. Gidansa daban.

Sai yawan alamomi. Abin yana farawa da guda uku ko huɗu, kowa na murna. Daga nan sashen talla ya ce a yi masa tasa, wani babban abokin ciniki ya ce a yi masa tasa. Lissafin ba ya tafiya da tarawa, da ninkawa yake tafiya. Ƙasa 2, na'ura 3, masu karatu 3, takarda ko allo: littattafai 36 ke nan da za su iya fita. Alamomi 10 da kowacce ke iya shiga ko fita suna ba da haɗi 1,024. Ba mai karanta wannan, kuma haɗin da ba a karanta ba a nan ɓarna ke kwana. Na ga uwar rubutun da alamominta ke ɗauke da sunayen mutane, wannan ta Malam wane ce, wannan ta Hajiya wance ce. Malam ya bar aiki tuntuni, ba wanda ya san me alamarsa ke tsarewa, ba kuma mai ƙarfin halin goge ta. Alama ta amsa tambaya ɗaya kawai: wa, ina, ko wace na'ura. A rubuta su a takarda guda da ma'anar kowacce, kuma mutum ɗaya ne ke da izinin ƙirƙirar sabuwa.

Rigima takan tashi in sakin layi ɗaya ya ɗauki alama biyu, sharaɗin gini ya ce a saka ɗaya a cire ɗaya. Kowace manhaja da hukuncinta. A DITA, in alamomin biyu a gurbi ɗaya suke, misali wakili da mai asusu, ba a cire rubutun sai an ce a cire dukansu. In kuwa a gurbi daban-daban suke, ɗaya ta mai karatu ɗaya ta na'ura, cire guda ya isa ya fitar da shi. Wanda ya saba da wata manhajar ya zo da tunaninta nan, zai wayi gari gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci ya ɓace daga littafin wakilai, ba tare da kwamfuta ta ce uffan ba.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, domin ita ce ta shafi Hausa kai tsaye. Marubucin Turanci yana son tsimin rubutu. Maimakon ya rubuta jumla biyu, sai ya rubuta ɗaya, ya bar gurbi a tsakiya ya sa kalmomi biyu, kati ga masu na'urar POS, waya ga masu manhaja, kowacce da alamarta. A Turanci jumlar ba ta ko motsi, ka cire wannan ka sa wancan. A Hausa kati namiji ne, waya mace ce. "Katinka ya daina aiki, kawo shi ofis." "Wayarka ta daina aiki, kawo ta ofis." Wuri uku suka canza ban da kalmar kanta, kuma biyu daga ciki suna wajen gurbin da aka sa wa alama. Mai fassara da aka ba shi jumlar a yanyanke ba yadda zai yi, dole ya zaɓi jinsi ɗaya. Shi ya sa kake karanta "wayarka ya daina aiki, kawo shi", ka yi tsaki ka ce an ba wanda bai iya Hausa ba. Sau da yawa ya iya sarai, hannunsa aka ɗaure. Jam'i ma haka yake yi: "an tura kuɗin" da "an tura saƙonnin" ba za su raba wutsiya ɗaya ba in jumlar ta ci gaba da "duba shi" ko "duba su". Ƙa'idar da nake kafa wa duk wanda zan yi aiki da shi ita ce alama ba ta sauka a kan abin da bai kai cikakkiyar jumla ba. A rubuta jumla biyu, kowacce da ƙafafunta. An ƙara kalmomi goma a Turanci, an ceci Hausa, an ceci Faransanci da Larabci ma, don su ma suna da namiji da mace.

Wani kuskuren da ke kama da hikima shi ne a mayar da harshe kansa alama, a jera sakin layin Turanci da na Hausa da na Faransanci a shafi ɗaya, kowanne da launinsa. Na ga an yi, shafin ya koma abin da ba ya karantuwa, kuma ba abin da ke nuna cewa an taɓa na Turanci ba a taɓa na Hausa ba. Hanyar da ke aiki ita ce uwar rubutu ta zauna da harshe ɗaya, a fassara ta da alamominta a jiki, a samu uwar rubutu ta Hausa da ake ginawa da sharuɗɗa iri ɗaya. Manhajojin fassara irin su OmegaT, wadda kyauta ce, suna riƙe duk jumlar da aka taɓa fassarawa. In Turanci ya canza a jumla 12 cikin 2,000, su 12 ɗin kawai za su fito wa mai fassara a matsayin sabon aiki. Aikin yini ɗaya ne, ba sai an sake ba da kwangila daga farko ba.

Ƙananan abubuwa irin su sunan kamfani, lambar kiran taimako ko sunan kuɗi ba sa buƙatar alama. Akwai gurbi na musamman da ake cikawa lokacin gini, ya zama naira a nan, sefa a can. Amma ko a nan sai an san mutanen da ake rubuta wa. Manhaja za ta nuna 500 a allo, mutumin Zinder ko Tawa kuwa dala ɗari yake kiran wannan kuɗin, domin dala ɗaya sefa 5 ce, 1,000 kuma jaka guda. Gurbin da ke musanya kalma ba zai yi wannan lissafin ba. Jumlar Nijar sai an rubuta ta daban, a faɗi adadin yadda yake a allo, a bi shi da yadda ake faɗa a kasuwa, a sa mata alamarta. Tunda hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ina sa ran irin wannan aikin zai ƙaru, kuma kwafe Hausar Kano a canza naira zuwa sefa ba zai wadatar ba.

Akwai ƙananan tarkuna da ba sa buƙatar dogon bayani. "Duba mataki na 4" ya zama ƙarya in an tace mataki na 3 daga wannan littafin, don haka lambar mataki injin ne ke ƙirga ta, ba a rubuta ta da hannu. "Kamar yadda muka faɗa a sama" ba shi da ma'ana in saman ya fita. "Danna nan" a littafin da aka buga a takarda abin dariya ne, na kuwa gan shi a ƙasidar da aka raba wa wakilai, wani ya zagaye shi da biro ya rubuta "na danna". Mai duba aiki kuma littafin da ya fito zai karanta, kowanne daban, kamar shi ne wakilin ko mai asusun. Wanda ya duba uwar rubutu mai launuka kawai yana ganin komai a gabansa, ba zai taɓa lura da ramin da tacewa ta bari ba.

Ba kowa ne ke buƙatar wannan ba. Asibiti ko makarantar da ke da takardar bayani shafi biyu ga mutane iri ɗaya, Word ya ishe ta. Haka nan in shafin wakili da na mai asusu sun bambanta a fiye da rabi, raba su ya fi, a bar kowanne da shafinsa, a sa alamar a kan shafin gaba ɗaya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Roƙona ga masu ba da aikin fassara a bankuna, kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati shi ne su daina miƙa wa mai fassara PDF. PDF littafi ne da aka riga aka tace, na mutum iri ɗaya, na rana ɗaya. A ba shi uwar rubutu da alamominta, a zaunar da shi a nuna masa me kowacce ke nufi, a kuma ba shi damar mayar da duk jumlar da aka yanka a tsakiya. Yarjejeniyar ta haɗa da kuɗin gyare-gyaren da za su biyo baya, a kan kowace jumlar da ta canza. Ginin Hausa ya fita rana ɗaya da na Turanci, in bai shirya ba a jira shi. Sannan a ƙasan kowane shafi a buga lambar fitowar manhajar da ranar da aka gina shi, yadda wakilin da ke zaune a Kantin Kwari zai iya duba wayarsa ya duba shafin, ya san ko bayanin na manhajar da ke hannunsa ne.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai rubuta jagorar manhaja,
Kaduna.